Lambar 2,147,483,647: ta yaya aka san firam ce, kuma mene ne amfanin rukunan da ake jera mata?

Malama Mai Alli (Gusau) ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata, kuma ina da 'yar ƙungiyar lissafi da muke zama ranar Laraba bayan an tashi. Wannan zangon muna kan lambobin firam, wato waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu. Mun yi tankaɗe daga 1 zuwa 200 a kan allo, mun soke 'ya'yan 2, mun soke na 3, na 5, har abin da ya rage ya rage. Sai wata 'yar aji biyar ta zo mini da 2,147,483,647 a rubuce a bayan littafinta. Wai yayanta mai karatun kwamfuta ne ya ce mata firam ce, kuma an san haka tun kafin a ƙera kwamfuta. Ta ce, "Malama, wa ya zauna ya raba biliyan biyu da kowace lamba?"

Na duba, na ga lallai 2^31 − 1 ce, wato a ninka 2 da kanta har sau 31 a cire 1. Kalkuletata ma ta nuna ta cif, alƙaluma goma. Amma inda na karanta an jero mata sunaye rututu: firam ta Mersenne, Mersenne ninki biyu, mai haifar da cikakkiyar lamba, ba tagwaye ba ce, ba ta Sophie Germain ba ce, da sauransu. Ba na so in je gaban yaran nan in karanta musu jerin sunaye su haddace. Haddar ta ishe su.

To tambayata ita ce, ta wace hanya mutumin da ba shi da komai sai takarda da tawada ya tabbatar firam ce? Sannan waɗannan rukunan, akwai abin da suke faɗa a kan lambar ne, ko ado ne kawai? Wanda ya sani ya taimaka, da bayanin da zan iya ɗauka in kai aji.

Baba Ɗan Fansho (Zariya) ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya yi wa wannan yarinya albarka, tambayarta ta mai hankali ce. Na yi shekaru ina koyar da wannan fanni kafin in ajiye aiki, kuma ɗalibin da yake tambayar "wa ya ce?" shi nake fi so.

Mutumin Leonhard Euler ne, babban masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland. A 1772 ya sanar da haka cikin wasiƙar da ya aika wa Daniel Bernoulli, lokacin yana zaune a birnin Santa Fitasbag na Rasha, idanunsa kuma sun riga sun tafi kusan gaba ɗaya. Bai raba ta da lambobi biliyan biyu ba. Sau uku ya rage wa kansa aikin, kuma ragi na farko 'yan ajinki za su gane shi nan take.

Idan lamba tana rabuwa, masu raba ta biyu-biyu suke zuwa, ƙarami da babba. Ɗauki 91: 7 sau 13. Ba zai yiwu duka biyun su wuce 10 ba, don 10 sau 10 ma ya wuce 91. Haka nan 46,341 sau 46,341 ya ba da 2,147,488,281, ya ɗan haura lambarmu. Ke nan in akwai mai raba ta, dole a samu ɗaya da bai wuce 46,340 ba. Daga biliyan biyu mun sauko dubu arba'in da shida. In kuma firam kaɗai za a gwada, kusan 4,800 ne. Da sauran aiki, amma ya fara zama aikin ɗan Adam.

Ragi na biyu shi ne inda sunan "Mersenne" yake biyan kuɗin kansa, wato sunan da ake ba firam mai siffar 2^p − 1 irin tamu. Tun 1640 Pierre de Fermat ya gano cewa idan p firam ce ba 2 ba, duk firam da za ta raba 2^p − 1 dole ta zama ninkin 2p ne a ƙara 1. Ki gwada da 2^11 − 1, wato 2,047. Ita 23 sau 89 ce. To 23 ita ce 22 da 1, 89 kuma 88 da 1, dukansu ninkin 22 a ƙara ɗaya. Babu kuskure. A tamu lambar p ɗin 31 ce, don haka sai irin 63, 125, 187, 249, a tafi da tsallen 62. Duk wata lamba da ba ta kan wannan layi ba sai an ko kalle ta ba.

Ragi na uku, mai raba irin wannan lamba idan aka raba shi da 8 saurarsa 1 ce ko 7, ba ta zama 3 ko 5. Wannan ya zubar da rabin layin. Abin da ya rage kala biyu ne: ninkin 248 a ƙara 1, da ninkin 248 a ƙara 63. Ki ƙirga su zuwa 46,340, in kin ajiye 63 ɗin farko za ki samu 372. A cikinsu ma da yawa ba firam ba ne: 249 ai 3 sau 83 ce, 497 kuma 7 sau 71, 559 kuma 13 sau 43. Na gaskiyar ba su kai ɗari ba. Ta farko ita ce 311. Ki sa yara su yi doguwar rabawa: 311 ta shiga 2,147,483,647 sau 6,905,092, saura 35. Ba ta raba ba. Sai a wuce ta gaba, 1,303, sai 1,489. Ajin mutum talatin, kowa ya ɗauki uku, sun maimaita aikin Euler a yammaci ɗaya.

Kin ga amsar tambayarki ta biyu ta fito daga ta farko. Da a ce wata lamba ce mai alƙaluma goma da aka tsinta haka kawai, da sai an bi dubban nan ɗaya bayan ɗaya. Siffarta ta 2^p − 1 ce ta ba da ƙofa. Ni a wurina rukuni mai daraja shi ne wanda in an ce maka lamba tana cikinsa, ka samu wani abu da za ka iya yi da ita wanda da ba ka iyawa.

Sunan kuwa na wani limamin Kirista ne Bafaranshe, Marin Mersenne. A 1644 ya fitar da jerin p ɗin da ya ce suna ba da firam har zuwa 257: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Bai kawo hujja ba, kuma ya yi kuskure biyar. 67 da 257 ba sa bayarwa, sannan ya tsallake 61 da 89 da 107. Kafin shi Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da 17 da 19 a 1588, wato 131,071 da 524,287, amma ya zarce ya ce 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke. Ɗaya kaɗai ta tsira a cikin huɗun, ita ce tamu. 47 tana raba ta 23, 233 tana raba ta 29, 223 tana raba ta 37. Ina son a riƙa gaya wa yara wannan, don su san manyan malamai biyu sun faɗi cewa 2^31 − 1 firam ce amma ba a ɗauke ta a matsayin sananniya ba sai da hujja ta zo. Ita ce ta takwas a jerin Mersenne, kuma ta riƙe kambun firam mafi girma da aka sani har 1867.

Batun cikakkiyar lamba ya girmi duk waɗannan mutane. Cikakkiya ita ce wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su dawo da ita: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 kuma 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Uƙlidis ya nuna tun zamanin Girkawa cewa duk lokacin da 2^p − 1 ta zama firam, in ka ninka ta da 2^(p−1) cikakkiya za ta fito. 7 sau 4, 28. 31 sau 16, 496. 127 sau 64, 8,128. Euler ya rufe ɗaya ɓangaren, ya nuna babu wata cikakkiyar lamba mai rabuwa da 2 da ba ta wannan hanya ta zo ba. Tamu tana ba da 2,305,843,008,139,952,128. A 1811 wani masani a Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa wannan ce mafi girma da za a taɓa samowa, don a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani, babu wanda zai wahalar da kansa ya nemi ta gaba. Masu kwamfuta na zauren nan su za su faɗa miki ko ya yi gaskiya a kan rashin amfanin.

Ɗan Farm Centre (Kano) ya rubuta:

Baba ya jefo mana ƙwallo, bari in karɓa. Ni manhaja nake rubutawa, kuma wannan lamba na haddace ta kamar lambar wayata.

Kwamfuta sifili da ɗaya take ajiyewa. Idan aka ware wa lamba gurbi 32, aka bar gurbi ɗaya don nuna ko ta sama da sifili ce ko ta ƙasa, saura 31. Ka cika su duka da ɗaya-ɗaya, abin da ka samu shi ne 2,147,483,647. Ita ce rufin ɗaki. Ka ƙara 1 a kai, a yawancin injuna sai ta kifa ta koma −2,147,483,648, kamar mitar tafiyar tsohuwar mota da ta cika tara-tara ta juya.

Na ga wannan da idona. An kira ni wurin wani dillalin hatsi, manhajar da wani ya rubuta masa tun da daɗewa ta nuna wai cinikin wata ya zama bashi, da alamar cirewa a gaba. Alhajin har ya fara zargin yaron shagonsa. Da na buɗe sai na ga a kwabo ake ajiye kuɗin, a gurbi 32. To kwabo 2,147,483,647 naira 21,474,836 ce da kwabo 47. Lokacin da aka rubuta manhajar cinikinsa bai taɓa kai wannan ba a wata, yanzu kuwa da tsadar buhu ya wuce. Na mayar da gurbin 64, magana ta ƙare, yaro ya wanku. Irin wannan ce matsalar 2038: tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970 za su cika ranar 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar, daga nan su koma Disambar 1901.

Amma Malama, don Allah kada a haɗa wa yara biyun nan wuri ɗaya, don na sha jin ana cewa wai an zaɓi wannan iyaka ne saboda firam ce. Ba haka ba ne. Dacewa ce kawai. Rufin gurbi 16 shi ne 32,767, kuma 7 sau 31 sau 151 ce. Rufin gurbi 64, wato 2^63 − 1, shi ma 7 tana raba shi. Ga yadda ake gani da ido: 32,767 a rubutun kwamfuta ɗaya ce guda 15 a jere. Yanka su uku-uku, 111 111 111 111 111, sun yanku daidai. 111 kuwa ita ce 7, shi ya sa 7 ta raba. Yanka su biyar-biyar, 11111 ita ce 31, ita ma ta raba. Ɗaya guda 31 fa? Babu yadda za ka yanka su daidai. Shi ya sa dole p ta zama firam kafin a fara magana. Sai dai hakan bai isa ba, ga 2,047 ɗin da Baba ya kawo.

Inda zamanta firam yake aiki da gaske shi ne wajen samar da lambobin ƙuri'a, waɗanda ake so su fito a hargitse don gwaje-gwaje da wasanni. Akwai tsohuwar dabara: ɗauki lamba, ninka da 16,807, raba da 2,147,483,647, riƙe saurar, sake maimaitawa da ita. In ka fara da 1 za ka ga 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Park da Miller sun ba da shawararta a 1988, kuma har yau tana cikin C++, wani harshen rubuta manhaja. Za ta zagaye lambobi 2,147,483,646 duka kafin ta maimaita ko ɗaya. A gwada ƙaramarta a allo: ninka da 3, raba da 7, riƙe saura. 1, 3, 2, 6, 4, 5, sai ta dawo 1. Duka shida sun fito. Yanzu canza 7 da 8: 1, 3, 1, 3, ta maƙale. Ninka da 2 a raba da 8: 1, 2, 4, 0, ta mutu. Firam ce kaɗai take ba da cikakken zagaye irin wannan, shi ma sai an dace da abin ninkawar. Ga kuma siffar Mersenne tana sa rabawar ta yi wa inji sauƙi, don yanka gurabe ne da tarawa. Wannan amsa ce ga Barlow.

Abu ɗaya: ba a tsaron sirri da ita. Firam ɗin da ake kulle bayanan banki da su a tsarin RSA masu ɗaruruwan alƙaluma ne, kuma ɓoye su ake yi. Wadda duniya ta haddace ba ta kulle komai.

Malama Mai Alli (Gusau) ta rubuta:

Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na zauna da biro na bi 311 ɗin, saura 35 ta fito. Rabon lambobin nan ga 'yan aji zan yi shi, sai dai zan haɗa su biyu-biyu, mai yi da mai dubawa, don kuskure ɗaya a doguwar rabawa ya isa ya ɓata hujjar duka. Ɗan Farm Centre na gode, yankan ɗaya-ɗayan nan ya fi duk bayanin da na taɓa gani sauƙi.

Saura waɗanda aka ce ba ta cikinsu. Me ya sa ake damuwa a rubuta cewa lamba ba tagwaye ba ce, ko ba ta Sophie Germain ba ce? Kuma "ninki biyu" ɗin fa? Babu wanda ya taɓa shi.

'Yar Damagaram (Yamai) ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari Anti Malama. Ni ɗalibar lissafi ce a jami'a, bari in ɗauki waɗannan, don duk ana iya duba su ba tare da inji ba.

Tagwaye su ne firam biyu da 2 ce kawai tsakaninsu, irin 11 da 13, ko 29 da 31. Duba maƙwabtan tamu. Ta ƙasa 2,147,483,645, ta ƙare da 5, an gama da ita. Ta sama 2,147,483,649, tara alƙalumanta ki samu 48, ke nan 3 tana raba ta. Ba ta da abokin tagwaitaka. Kuma ba tsautsayi ba ne: duk p da ba ta rabuwa da 2, to 3 tana raba 2^p + 1, don haka ƙofar sama a rufe take ga duk 'yan Mersenne in ban da 3. Firam mafi kusa da ita a ƙasa 2,147,483,629 ce, a sama kuma 2,147,483,659. Wani abin daɗi, in kika raba 2,147,483,649 ɗin da 3, abin da ya fito, 715,827,883, shi ma firam ne.

Ta Sophie Germain, sunan wata masaniyar lissafi ce Bafaranshiya, ita ce firam da in an ninka ta biyu aka ƙara 1 a sake samun firam, kamar 11 da 23. Tamu ta ba da 4,294,967,295. Ta ƙare da 5, ta faɗi. Amma ki dubi yadda ta farfashe: 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65,537. Waɗannan biyar su ne duka firam ɗin Fermat (masu siffar 2^(2^n) + 1) da aka sani a duniya, babu ta shida har yau. Ranar da na fara ganin wannan sai da na sake ninkawa da hannuna.

Wanda na fi so shi ne na saura. Raba ta da 8, saura 7, tunda 8 tana raba 2^31 daidai kuma an cire 1. To duk lambar da aka ninka da kanta, in an raba da 8 saurarta 0 ce ko 1 ko 4: duba 1, 4, 9, 16, 25, 36. Ɗauki biyu ko uku daga 0 da 1 da 4 ki tara yadda kika ga dama, ba za ki taɓa samun saura 7 ba. Ke nan ba za a rubuta lambarmu a matsayin jimlar murabba'i biyu ba, ko uku (murabba'i ita ce lambar da aka samu ta ninka lamba da kanta). Sai huɗu, kuma Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba. 13 tana iya zama 4 da 9, amma 7 sai 4 da 1 da 1 da 1. Lamba mai biliyan biyu, layi uku sun yanke mata hukunci. Don haka "ba ta ciki" ma labari ne, in dai an san dalilin.

Ninki biyu kuwa yana nufin ita p ɗin ma 'yar Mersenne ce. 31 ai 2^5 − 1 ce. Huɗu kacal aka sani irin wannan: 7, da 127, da tamu, da 2^127 − 1. Da farko abin kamar zai ɗore, 3 ta ba da firam, 7 ta bayar, 31 ta bayar, 127 ta bayar. Da aka zo 8,191 sai ya karye, kwamfuta ta nuna a 1953 cewa 2^8191 − 1 tana rabuwa. In aka ɗora tamu a sama, wato 2^2147483647 − 1, ita ma an samo masu raba ta.

Inda zan ɗan saɓa wa Baba, da girmamawa, shi ne ma'auninsa na rukuni mai daraja. Akwai rukunan da suka rataya ga rubutunmu na goma-goma, kamar firam da in an juya alƙalumanta ta sake zama firam, 13 da 31. Tamu in an juya ta 7,463,847,412 ce, ta faɗi, alhali a rubutun sifili da ɗaya ko ta ina ka karanto ta ɗaya ce. Na yarda wannan bai faɗi komai a kan lambar kanta ba. Amma ni da irinsu aka jawo ni lissafi ina 'yar shekara goma sha biyu. Kada a hana yara su, a dai gaya musu wanne ne na lambar, wanne ne na rubutun.

Baba Ɗan Fansho (Zariya) ya rubuta:

'Yata ta Damagaram, na karɓa. Ban ce a hana su ba, kuma sharaɗin da kika sa shi ne daidai. Bayaninki na saura 7 ya yi kyau ƙwarai, haka nake so a riƙa yi.

Malama, akwai hanya ta biyu da ya kamata ki sani, don hanyar Euler ba ta nisa. Lamba mai alƙaluma 39 irin 2^127 − 1, ko an rage masu gwajin, rayuwar mutum ba ta isa. Amma Édouard Lucas ya tabbatar da ita firam ce a 1876, da hannu, kuma babu wanda ya wuce shi sai 1951 da injuna suka shigo. Derrick Lehmer ya gyara dabarar a 1930. Ga ta: fara da 4. Ninka da kanta, cire 2, raba da lambar da kike gwadawa, riƙe saura. Maimaita sau p − 2. In kin ƙare a sifili firam ce, in ba haka ba tana rabuwa. 'Yan Mersenne kaɗai take yi wa aiki.

Gwada da 31, inda p take 5, taki uku: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194 wadda saurarta 8, 8 ta ba da 62 wadda saurarta sifili. Da 127, taki biyar: 14, 67, 42, 111, 0. Tamu taki 29 kawai take buƙata maimakon rabawa 372, sai dai ninkin yana kai alƙaluma 19, kalkuleta ba za ta riƙe ba, Excel ma alƙaluma 15 yake riƙewa daidai. Wannan sai Ɗan Farm Centre ya rubuta miki layi biyar na manhaja a harshen Python. Wadda ta dace da kalkuletar aji ita ce 8,191, taki 11. Ga amsar don ki duba aikinsu: 14, 194, 4870, 3953, 5970, 1857, 36, 1294, 3470, 128, 0.

Da wannan gwaji ake tabbatar da manyan na yau. Tun 1996 akwai shirin GIMPS da George Woltman ya kafa, inda masu sa kai suke ba da kwamfutocinsu. A Oktoban 2024 Luke Durant ya samo 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a jerin da tamu take ta takwas. Har yanzu babu wanda ya tabbatar ko jerin yana da ƙarshe, duk da Uƙlidis ya nuna su firam gaba ɗaya ba sa ƙarewa.

Ki ba su 2,047 ma, don su ga yadda faɗuwa take. Taki tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Ba sifili ba, ke nan tana rabuwa. Ki ja hankalinsu su lura gwajin bai ambaci 23 ko 89 ba. Yana cewa akwai mai rabawa, amma ba ya nuna shi. Haka ta faru da 2^67 − 1 ɗin da Mersenne ya yi kuskure a kai: Lucas ya nuna tana rabuwa a 1876, amma masu raba ta ba su bayyana ba sai 1903, da Frank Nelson Cole ya fito da su a wani taron masana a New York, 193,707,721 sau 761,838,257,287.